Tafin Hannun Baba Tolye

Ni mai fentin mota ne, kuma duk wanda ya san gareji ya san mu ake zagi. Makanike zai iya ɓoye kuskurensa a cikin inji, mai ɗinkin kujeru ya tura nasa ƙarƙashin soso, amma aikina ni a waje yake, rana tana haska shi, kowa yana gani. In ƙofa ta fito da ɗan tudu ko ɗan kwari, mai mota ba ya tambayar wa ya buga ƙarfen. Wanda ya fesa fenti yake nema, domin hannuna ne na ƙarshe.

Na shiga wani gareji a unguwar Paris-Congo ta birnin Njamena a tsakiyar shekarun casa'in. Gidanmu a unguwar Gardole yake, gidan mahauta ne tun daga kakanmu, wanda ya taso za shi Makka a ƙafa, ya tsaya a bakin kogin Shari ya huta, hutun da bai ƙare ba har ya rasu. Mahaifina bai taɓa gane abin da zai sa mutum ya bar nama ya koma shaƙar warin fenti ba. Ya dai ce tun da na gaji zafin zuciyarsa, gara in je in sauke shi a kan ƙarfe, nesa da wuƙa.

Garejin na wata mata ne da muke kira Hajje. Mijinta ne ya kafa shi. Da ya rasu kowa ya zaci za ta sayar, sai ta sa aka kawo mata kujera gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa, ta zauna, ta ci gaba da zama. Ba ta san komai game da inji ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta sani ba. Mutane ta sani. Mu huɗu ne a ƙarƙashinta: makanike, mai ɗinkin kujeru, ni, da kuma mai gyaran jikin mota, wanda a Njamena ake kira tolye. Shi ne babbanmu, tare da marigayin suka fara, gemunsa fari fat. Baba Tolye muke ce masa, har na kusa manta yana da wani suna.

Muna da wata ƙa'ida da ba wanda ya rubuta, amma ta fi rubutacciya ƙarfi: ba a tsaya wa mutum a kai. Kowa da kusurwarsa. In mota tana hannun tolye, ba ka leƙa, ba ka tambaya, ba ka ba da shawara, sai ranar da ya turo maka ita ya ce ya gama. Girmamawa muka ɗauke ta, kuma muna alfahari da ita, muna cewa a garejinmu ba a raina gwanintar kowa. Da rana mu haɗu a faranti ɗaya mu ci, mu sha shayi, mu tsokani juna a kan aure da ƙwallo da tsadar gero. A kan aiki kam bakin kowa a rufe.

Haka muka yi shekaru lafiya lau, har lokacin da aka fara maganar haƙar man fetur a ƙasar, gari ya cika da manyan motoci da masu su da ba sa haƙuri. Daidai lokacin ne aikin Baba ya fara lalacewa. Ƙofa za ta zo mini da sawun guduma a gefen inda ta lotsa, lotsawar kuma tana nan. Walda ta karkace. Layin da ke tsakanin ƙofa da jikin mota ya yi faɗi a sama, ya tsuke a ƙasa. Ni kuma saboda ƙa'idarmu ba na cewa komai. Sai in ɗauko mastik, kwaɓin nan da ake cike ƙananan ramuka da shi, in lafta, in goge, in sake laftawa. Amma mastik mai kauri ba ya jure zafin Njamena. Wata biyu uku, sai ya tsage, ya ɗago fentina da shi.

Ran nan wani mai babbar riga ya dawo da motarsa. Ya tsaya tsakiyar gareji ya wanke ni tas da Larabci, ya ce gara in koma shafa wa bango farar ƙasa. Baba yana kusurwarsa ya juya baya yana ta ƙwanƙwasa wani abu, kamar ba aikinsa ake zagina a kai ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Na jira har aka kira azahar, na ga Baba ya ɗauki buta ya zagaya bayan wata tsohuwar babbar mota da ta mutu a harabar tun kafin zuwana. Na tafi wurin Hajje na zazzage mata duk abin da ke cikina. Na ce tsohon nan ya gaji, ya daina damuwa da aiki, yana cin albarkacin tsohuwar abota ne kawai, ni kuma sunana yana ɓaci a gari. Na ce ta zaɓa, ko shi ko ni. Ban yi ƙasa da murya ba, ban ma san yadda ake yi ba a lokacin.

Ta bar ni na gama tana juya shayinta. Maimakon amsa, sai ta ce an buɗe wani babban baje kolin motoci a cikin gari, kuma ranar Asabar za mu rufe gareji mu je dukanmu.

"In mun dawo ka sake faɗa mini maganar nan, zan ji ta," in ji ta.

Na koma kusurwata ina gunaguni. Ni ana zagina, ita kallon motoci ya dame ta.

Asabar da hantsi muka hau bayan wata buɗaɗɗiyar mota, Hajje a gaba da lafayarta ruwan goro. Makanike ya sa sabuwar jallabiya amma bakin mai yana nan a faratansa, muka yi ta yi masa dariya. Baba ya zauna a lungu ya riƙe ƙarfe. Ni kuwa ban kalli inda yake ba.

Ban taɓa ganin motoci da yawa haka a wuri ɗaya ba kuma a ce duk lafiyarsu ƙalau. Wani makeken fili ne aka kewaye, an kafa rumfuna, tutoci na kaɗawa, injinan wuta na ruri, kiɗa na tashi daga ko'ina. Ga manyan motocin daji, ga ƙanana na yawon gari, ga na ɗaukar kaya masu tayoyi sun kai ƙirjina. Wasu an ɗora su a kan dakali an zagaye da igiya. Samari masu farar riga da ɗamarar wuya suna bayani da Faransanci ga masu takalmin fata, da Larabci ga irinmu. Jama'a kuwa ba masaka tsinke, har da iyalai da suka zo ɗaukar hoto kawai.

Mu dai ba mu iya kallon mota kamar mutane ba. Makanike ya bi kowane saurayi yana roƙo a buɗe masa gaban mota, in aka buɗe ya tura kai ciki har sai an ja rigarsa. Mai ɗinki yana cusa hanci ta taga yana shinshina kujeru. Ni kuma ina durƙusawa a gefen kowace mota, in karkata kai in bi hasken da ke kwance a jikinta tun daga gaba har baya, ina neman inda zai karye. Bai karye ba. Fenti ya kwanta lumui, na ji kishi, na kuma ji daɗi, na tuna abin da ya sa na bar nama tun farko.

Tun da muka shiga na ji an riƙe mini hannun riga. Baba ne. Na ɗauka cunkoso ne ya dame shi, kuma duk haushin da nake ji ba zan fizge hannu daga tsoho a gaban mutane ba. Haka muka yi ta tafiya, duk inda na sa ƙafa nan yake sawa.

Can muka iso wata babbar mota da ba a kewaye ba, an bar mutane su taɓa, su shiga su zauna. Kore ce shar, mai duhu, rana ta take tsaka tana dukanta. Baba ya tsaya daf da ita, ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Ɗana, wane launi ce?"

Na juya zan ba shi amsar da ta dace da wasa, domin na zaci tsokanata yake yi. Rabon da in kalli fuskarsa sosai an yi shekaru, a wurin cin abinci idona a kan faranti yake, a wurin aiki kuma daga nesa nake hango ƙeyarsa a kusurwa. A cikin hasken nan na ga wani fari-fari ya rufe baƙin idonsa, dukansu biyu, kamar an ɗiga madara a shayi. Na ce masa kore ce. Ya gyaɗa kai ya ce ya yi zaton haka, ƙarfen ya ɗauki zafi irin na launi mai duhu.

Sai ya zaro wani ɗan ƙyalle mai laushi daga aljihu, wanda na sha gani a kafaɗarsa ban taɓa tambayar amfaninsa ba. Ya shimfiɗa shi a tafin hannunsa, ya ɗora a jikin motar, ya fara ja a hankali daga gaba. Ya wuce ƙofar farko. A ƙofar baya, ƙasa kaɗan da mariƙi, ya tsaya. Ya koma baya, ya sake ja.

"An taɓa nan," in ji shi.

Saurayin da ke tsaron motar ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce motar sabuwa ce fil, daga masana'anta sai nan, ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Mutane suka fara taruwa suna murmushi, sun samu abin kallo kyauta. Na durƙusa na duba iya dubawata, ni da nake taƙama da ido, ban ga komai ba. Kunya ta kama ni a madadinsa. Na ce a hankali, Baba mu tafi.

Bai motsa ba. Ya lalubo hannuna, ya sa ƙyallen a ƙarƙashin tafina, ya ɗora nasa a kan nawa. Ya ce in rufe ido, kuma kada in danna, in bar hannun ya bi ƙarfen kawai. Muka ja tare. Karo na farko ban ji komai ba sai zafi. Karo na biyu na ji shi, wani ɗan tashi da bai kai kaurin takarda ba, faɗinsa kamar tafin jariri. Da na buɗe ido na kwantar da kaina daidai wurin, sai ga shi, hasken ya ɗan yi rawa kafin ya wuce. Shekara da shekaru muna cin abinci a faranti ɗaya, ban taɓa sanin haka yake aiki ba.

Hayaniyar ta jawo wani dattijo mai furfura, da alama shi ne babba a rumfar. Aka faɗa masa. Ya dubi Baba, ya dubi ƙofar, sai ya yi dariya. Ya ce gaskiya ne, a doguwar hanyar nan daga tashar jirgin ruwa sarƙa ta ɗan bugi ƙofar a kan motar da ta ɗauko ta, kuma gwanayensu sun gyara, shi ya sa ma aka ajiye ta don taɓawa ba don sayarwa ba. Ya ce mutum nawa suka shafa ƙofar nan tun da aka buɗe, ba wanda ya ji. Daga nan ya tambayi Baba inda yake aiki, ya ce in yana so, suna neman irin hannun nan a wurinsu.

Baba ya ninke ƙyallensa. Ya yi godiya, ya ce yana da wurin aiki. Sai ya juya ya fuskanci wata mata mai lafaya da ke tsaye kusa, wadda ba mu taɓa gani ba.

"Ko ba haka ba, Hajje?"

Hajje tana ɗaya gefen, bayansa. Makanike ya sunkuyar da kai. Mai ɗinki ya rufe baki da hannu. Matar nan baƙuwa ta yi tsuru-tsuru, ba ta san me ake tambayarta ba. Hajje kuwa ba ta amsa ba. Ni ta zuba wa ido tana jira, na kuma san abin da take jira.

Na ce wa dattijon, da Larabci don kowa ya ji, "Yana da wurin aiki. Tare muke."

Na kama kafaɗar Baba na juyo da shi wajen da Hajje take, kamar dai ina gyara masa riga. Ta ce rana ta yi, mu nemi inuwa mu sha wani abu mai sanyi.

Bayan kwana biyu na tambayi Hajje ko ta san da ciwon idon. Ta ce ta yi zato, tun ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi ya kama iska, amma ba ta da hurumin tona shi, kuma ba ta san abin da zai faru a wurin motocin ba. Ita dai ta gaji da ganin mutum huɗu suna aiki a mota ɗaya kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Ta so ta fitar da mu daga kusurwoyinmu ko da na wuni ɗaya ne, mu tsaya a gefen mota guda. Ba ta tambaye ni ko ina nan a kan maganata ba, ni ma ban sake ɗauko ta ba.

Ranar Litinin na sayi alli, na tsallaka zuwa kusurwar Baba, abin da ban taɓa yi ba. Na ce masa na zo koyon ƙyalle. Ya ce to, in ja kujera. Ya shafa ƙofar da ke gabansa ya ɗora yatsa, ni kuma na zagaye wurin da farin alli mai kauri, wanda a lokacin yana iya hangowa. Gudumarsa ta sauka daidai ciki. Hannun bai manta komai ba, inda zai sauka ne kawai ya ɓace masa.

Ba zan ce abin ya tafi sumul ba. Mun yi faɗa ya fi a ƙirga. Shi ya ce ina gaggawa, ni in ce yana da taurin kai, kuma dukanmu muna da gaskiya. Akwai ranar da na jefar da allin na fita, sai da na sha shayi biyu na dawo na same shi zaune yana jirana da guduma a cinya. Amma ƙa'idar nan tamu ta mutu, ba a yi mata jana'iza ba. Makanike ya karɓi walda, bai jira an roƙe shi ba. Mai ɗinki, wanda ya fi mu ido a kan layi saboda sana'arsa, shi ke zuwa ya duba ko ƙofa ta zauna daidai. Ana cikin haka makanike ya faɗi abin da ya daɗe yana ɓoyewa, cewa takardun sababbin motocin nan na Faransanci ba ya iya karanta su, hasashe yake yi. Mai ɗinki ya yi makaranta, sai ya riƙa karanta masa. Ni ma aka gaya mini a fuska cewa ina barin fenti ya fantsama a robar taga, kuma mai ɗinki ne yake kankarewa a ɓoye tun shekaru. Na so in yi fushi, na rasa ta inda zan fara.

Hajje ta kai Baba asibitin ido. Aka yi masa aiki a ɗaya, ya ɗan washe na wani lokaci, daga baya ya koma. Da alli ma ya daina ganuwa, sai muka sauya. Shi ya riƙe ƙarfen tokare ta cikin ƙofa, ni in buga ta waje, yana saurarar ƙarar yana cewa ƙara, ƙara, ya isa. Haka na koyi tolye ban yi niyya ba. Mastik ya koma ɗan shafe kawai, fentina ya daina tsagewa, masu manyan riguna suka fara aiko mana da 'yan'uwansu. In aka yaba fenti, sai in nuna musu tsohon da ke zaune da ƙyalle a kafaɗa.

Shekara huɗu muka yi a haka kafin 'ya'yansa su matsa ya huta. Duk tsawon lokacin nan maganar da na faɗa wa Hajje tana cina. Ita ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ni kuma na kasa. Ranar da zai bar gareji na raka shi har gidansa a unguwar Milezi. Muka zauna a tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, Baba, akwai abin da na yi maka da ba ka sani ba.

Ya ce in dai maganar ko shi ko ni ce, ya ji ta tun ranar. Yana bayan tsohuwar motar nan yana alwala, kuma muryata ko a Gardole aka tsaya za a ji ta.

Na rasa inda zan sa kaina. Na tambaye shi, to me ya sa cikin mu duka hannun rigata ya riƙe a wurin baje kolin, ga makanike, ga mai ɗinki, mutanen da ba su taɓa neman a kore shi ba.

Ya lalubo hannuna kamar yadda ya yi a gefen koriyar motar nan, ya sa ƙyallen a ciki ya naɗe yatsuna a kansa.

"Su sun gani sun yi shiru don suna jin kunyata," in ji shi. "Kai ka gani ka kasa shiru. Ido nake nema, ɗana, kuma naka ne kaɗai na tabbata ba zai yi mini ƙarya ba."

Na yi kuka a tabarmar nan, ni da gemuna, shi kuma ya bar ni na gama, sannan ya ce in tashi kada in rasa motar komawa. Ƙyallen yana kafaɗata har yau. Ya yi baƙi, gefensa ya zare, matata ta sha yunƙurin jefar da shi. Duk motar da za ta fita daga hannuna sai na rufe ido na ja shi a jikinta tukuna, in kuma kira wanda ke kusa ya ɗora hannunsa ya ji.